Babban Gwauro

Jaji yana kan tsani, ya kai kan lamba ta bakwai, lokacin da ɗan acaɓa ya sauke Mansura a ƙofar makarantar. Bangon ajin farko ya sha farin fenti. A sama an rubuta LAMBAR MALAM MARK da shuɗi, a ƙasa kuma lambobin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kai kamu biyu: 4,294,967. Saura uku.

"A'a! Farfesa da kanta!" Jaji ya ce, yana nuna ta da buroshi. "Kin gama jami'ar kin manta da 'yan ajinku ko?"

"Ina wuni, Jaji."

"Wa ke ce mini Jaji a garin nan? Alwali dai. Har a allon shagona haka na rubuta. Zo ki tsaya nan ki duba mini, kar in sake yin kuskure a gaban Malam. Biyu, tara, bakwai ne ƙarshen ko?"

"Haka ne."

"To me ya sa kika yi fuska kamar an aiko ki ta'aziyya? Ritaya fa ya yi, ba mutuwa ba."

Ta yi murmushi ta gyara mayafinta. Ba ta buƙatar duba bangon. Duk wanda ya zauna a ajin Malam Mark yana iya rera lambar nan ko daga barci aka tashe shi: biliyan huɗu, da miliyan ɗari biyu da casa'in da huɗu, da dubu ɗari tara da sittin da bakwai, da ɗari biyu da casa'in da bakwai. Da waƙa suke faɗinta ran Juma'a kafin a tashi, maza suna buga benci.

Malam Mark yana da nasa sunayen da yake kiran lambobi. Lambar da ba ta rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kanta, kamar bakwai ko goma sha uku, gwauro yake ce mata, wai ba mata ba ɗa. Wadda take rabuwa kuwa, kamar goma sha biyu, mai iyali ce. Wata rana a shekarar casa'in da uku ya shigo aji da ƙwayar shinkafa ɗaya a tafin hannu. Ya ce a ninka ta sau ɗaya a ƙara ɗaya, aka sami uku. A ninka sau biyu a ƙara ɗaya, biyar. Sau huɗu, goma sha bakwai. Sau takwas, ɗari biyu da hamsin da bakwai. Sau goma sha shida, dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da bakwai. Dukkansu gwauraye. Daga nan ya ninka sau talatin da biyu ya ƙara ɗaya, lambar ta kusa cika faɗin allo. Ya karkaɗe alli daga hannunsa ya ce ga Babban Gwauro, tunda ƙannensa biyar duk ba su yi aure ba, shi ma ba zai yi ba. Amma lissafi ba ya karɓar zato. Sai an gwada raba shi da kowane gwauro da bai kai dubu sittin da biyar da ɗari biyar da talatin da shida ba, su dubu shida da ɗari biyar da arba'in da biyu. Kowace Juma'a kowane ɗalibi zai tafi gida da guda ɗaya, ran Litinin ya rubuta abin da ya yi saura a littafin Malam, ya sa sunansa.

"Watan jiya aka gama," in ji Jaji, yana tsoma buroshi a gwangwani. "Shekara goma sha biyu. Ba wanda ya samo sifiri sai ni, ni ma ƙarya ce. Firinsifal ya ce ke za ki yi bayani a taron, da la'asar. Wai ke kika san turancin abin."

"Ni?"

"To wa? Ni?"

Ta tambaye shi ko Malam yana ofis. Ya ce yana gida suna ɗaure kaya, motar da za ta kai su Filato gobe da safe za ta zo.

Ta bi ta bakin kanal, hanyar da ta shekara biyu tana kauce wa. Ruwan dam ɗin Tiga yana tafiya a hankali tsakanin bangon siminti, kore-kore, kamar yadda ta san shi. An jera tiyo a gefen wata gonar albasa, ruwa na malala cikin kunya-kunya, balbelu suna bin sa a baya. Can gefen titi an baza yankakken tumatir yana bushewa a rana, fili guda ya yi jawur, saboda bana ma ya yi kwantai a kasuwar Kwanar Gafan. Warin kauɗa da na jiƙaƙƙiyar ƙasa suka shiga hancinta tare, ta ji kamar ta ɗaga ƙafa ta cire takalmi. A da akwai farar motar ma'aikatan ruwa da ke zagayawa kowace safiya tana buɗe ƙofofin kanal, yara suna bin ta da gudu. Yanzu ƙofar da ta wuce ta yi tsatsa, an tokare ta da icce.

Mangwaron yana nan. A ƙarƙashinsa ta zauna wata Asabar a shekarar casa'in da huɗu, tana 'yar shekara goma sha uku, babanta Iliyasu yana ban ruwa a gonar da ke ƙetare. Lambar da aka ba ta ita ce ɗari shida da arba'in da ɗaya. Ta yi rabawar a bayan kwalin sabulu, ta zo ƙarshe, ba abin da ya yi saura. Ta sake yi a ƙasa da tsinke. Sifiri. Ta wanke fuska a kanal ta sake yi na uku.

Mako biyu kafin nan Jaji ya kawo sifiri. Malam ya duba a allo, aka ga ya manta ya sauko da lamba ɗaya. Malam ya riƙe kai ya ce, "Wayyo, Jaji ya ɗaura wa gwaurona aure ban sani ba!" Ajin ya ɗauki dariya har malamin ajin kusa ya leƙo. Tun ranar sunan Alwali ya kama Jaji. Shi namiji ne, ya daki ƙirji ya karɓa. Ita kuwa ta zauna a gindin mangwaron nan tana tunanin sunan da za a sa wa yarinyar da ta zo da maganar auren gwauro. Amaryar gwauro. Za a kira ta da shi a rijiya, a islamiyya, a gaban yayyenta. Kuma Malam ya ce ba ya rabuwa, ita wace ce? Ran Litinin ta rubuta a littafin: saura uku. Ta sa sunanta.

Ta daɗe tana gaya wa kanta ita ce ta yi kuskure a rabawar. Sai a shekararta ta uku a jami'a wani malami ya rubuta lambar a allo a matsayin tsohon misali, ya ce wani masani a Turai ya taɓa zaton ba ta rabuwa, wani kuma ya raba ta shekara ɗari biyu da saba'in da suka wuce. Ya rubuta 641 a gefe, ya goge, ya wuce darasi na gaba. Mansura ba ta rubuta komai ba a ranar.

Ta yi sallama a ƙofar gidan malamai na ƙarshe. Maman Anita, matar Malam, tana tsakar gida tana cusa tukwane a buhun taki.

"Wa nake gani? Mansura! Baban Anita, fito ka ga 'yarka da ta guje mu." Ta rungume ta, tana ƙanshin daddawa da hayaƙi. "Kin rame. Ba sa ba ku abinci a birnin? Zauna, akwai gwate."

"Na ƙoshi, Mama."

"Ba ki ƙoshi ba. Tun kina ƙarama haka kike cewa."

Malam Mark ya fito yana gyara tabarau. Gashinsa ya yi fari tas, ya ɗan ranƙwafa, amma har yanzu akwai jan biro a aljihun rigarsa. Shekara ashirin da shida ke nan da ya zo daga duwatsun Filato da akwati ɗaya. Ko a rikicin bara, da wasu suka kwashe iyali suka tafi, shi bai motsa ba. Ya ce aikinsa bai ƙare ba.

Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Tashi, tashi. Mai digiri ba ta durƙusa wa mai NCE." Ya yi dariya. "Na aika wa babanki sau uku. Na ce ko kowa bai zo ba, Mansura ta zo. Shigo ki gani."

Ɗakin ya zama fayau, sai kujera biyu da wani kwali a kan tebur. Ya buɗe kwalin. Littattafai ne masu ƙwaƙƙwaran bango, goma sha huɗu, an rubuta shekara a gefen kowanne.

"Ta so ta riƙa naɗe ƙosai da su," ya ce da ƙarfi don a ji a waje.

"Da sun yi amfani!" Maman Anita ta amsa daga tsakar gida.

Ya ɗauko na ƙarshe ya buɗe shafin baya. "Dubu sittin da biyar da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Shi ne na ƙarshe. Wata yarinya Barira ta yi shi, jikar mai gadin makaranta. Da ta rubuta sunanta na tura duk ajin suka tafi gida, na zauna ni kaɗai." Ya shafa shafin da tafin hannu. "Yara sun fi dubu a cikin nan, Mansura. Wasu sun zama direbobi, wasu suna Legas, wasu sun rasu. Ga abin da nake so. Ba zan kai su Filato gara ta cinye ba. Ki kai wa shugaban sashenku. Ki ce wani malamin ƙauye da yaran manoma sun tabbatar da wannan da hannu. Ba na neman komai. A dai rubuta a wani wuri."

Ta dubi kwalin. Tana iya ɗauka ta ce to. Gobe zai hau mota da farin cikinsa, ita kuma ta tura kwalin ƙarƙashin gado a gidan gwaggonta a Kumbotso. Bangon makaranta zai tsaya shekaru kafin wani ya lura. Amma da la'asar ita za a miƙa wa magana, a gaban yara ɗari uku da suka haddace lambar.

"Malam, ina na casa'in da huɗu?"

"Kina son ganin rubutunki na yarinta?" Ya zaro na biyu daga ƙasa. Bangonsa ya yi laushi. Ta buɗa shafukan a hankali. Ga sunan Kubra da aka kai Zariya, ga na Taufiq mai ɗaurin kwandon tumatir, ga na Jaji an kewaye da jan biro an zana masa ƙaramar hula. Ta tsaya a nata. Ƙananan haruffa ne a tsaye, kamar masu jin tsoron taɓa layi.

Ta sa yatsa a kai.

"Wannan ba daidai ba ne."

"Wanne?" Ya sunkuyo. "Ɗari shida da arba'in da ɗaya, saura uku. To ko huɗu ne ai duk ɗaya ne, muddin akwai saura."

"Babu saura, Malam."

A waje murfin tukunya ya faɗi ya yi ta juyawa a siminti.

"Na yi sau uku a ranar. Sifiri na samu. Na rubuta uku."

Ya daɗe yana kallonta ta saman tabarau. Sannan ya jawo kujera ya zauna, ya zare jan biron, ya juya murfin kwalin. Ya rubuta lambar ba tare da ya duba ko'ina ba, ya ja layin rabawa irin nasa mai lanƙwasa. Yana yi yana magana ƙasa-ƙasa kamar yadda yake yi a aji.

"A cikin dubu huɗu da ɗari biyu da casa'in da huɗu, sau shida. Saura ɗari huɗu da arba'in da takwas. A sauko da tara. Sau bakwai, saura biyu." Ya ɗan dakata. "A sauko da shida, ba ya shiga. A sauko da bakwai, ba ya shiga. A sauko da biyu, sau huɗu, saura ɗari da takwas. A sauko da tara, sau ɗaya. Ɗari huɗu da arba'in da takwas kuma." Biron ya tsaya a iska. Ya riga ya ga abin da ke zuwa. Ya sauko da bakwai ɗin ƙarshe, ya rubuta 4487, ya rubuta wani 4487 a ƙarƙashinsa, ya ja layi. Bai rubuta sifirin ba.

A saman layin akwai 6,700,417.

Ya cire tabarau ya ajiye a kan littafin. Maman Anita ta leƙo da kwanon gwate a hannu, ta dubi mijinta, ta dubi Mansura, ta koma da kwanonta.

"Casa'in da huɗu," ya ce. "Wata nawa da farawa?"

"Kamar bakwai."

"Wata bakwai." Ya dubi sauran littattafan goma sha biyu. "Da a nan aka tsaya."

"Ka yafe mini, Malam. Tsoro na ji. Bayan abin da ya faru da Jaji..."

"Alwali." Ya rufe ido. "Ni na sa masa sunan."

"Ba laifinka ba ne."

"Kin san yadda nake yi?" ya ce. "Duk abin da yaro ya rubuta a nan, sai na sake rabawa da kaina a gida. Kowanne. Tambayi matar nan kananzir nawa na ƙona. Duba." Ya nuna gefen shafin. Kusa da kowane suna akwai ɗan ɗigon ja. Kusa da nata babu. Ya buɗa gaba, ya buɗa baya, duk inda sunanta yake babu ɗigo. "Naki kaɗai ne ban taɓa dubawa ba. Na ce yarinyar nan ba ta kuskure, me zan ɓata lokaci."

Hawayen da take riƙewa tun daga bakin kanal suka zubo. Ta sa bakin mayafi ta rufe fuska.

"Kuma ba ki yi kuskuren ba," ya ce.

Ana jin ƙarar injin ban ruwa daga nesa, da muryar yara suna jan benci zuwa filin taro.

"A jami'a sun sani?"

"Sun sani. Yana cikin littattafai. An daɗe da ganowa."

"Tun yaushe?"

"Shekara ɗari biyu da saba'in."

Wata 'yar dariya ta kuɓuce masa ta hanci. "To. Gara da ba ki kai wa shugaban naku ba." Ya jawo murfin kwalin kusa da idonsa. "Ita wannan babbar fa, miliyan shida da 'yan kai? Tana rabuwa?"

"Ba ta rabuwa. Su biyun ne kawai."

"'Ya'ya biyu. Ƙarami da babba." Ya girgiza kai. "Ya ɓoye su da kyau, munafuki."

Ta share ido. "Zan je in ce wa firinsifal ba ni da lafiya. Ba sai an faɗa yau ba. Bayan ka tafi sai in sa Jaji ya..."

"A'a."

"Malam, mutane sun taru saboda kai."

"Sun taru su ji abin da aka samu. An samu." Ya mayar da tabarau, ya ɗauki biron, a ƙarƙashin layin ya zana sifirin, zagayayye. "Ni ba zan iya faɗa ba. In na buɗe baki a wurin nan yau zan ji kunya a gaban yara. Kuma ba aikina ba ne. Aikin gidanki ne, ba ki kawo ba."

Ya miƙe ya leƙa tsakar gida ya kira matarsa. "Keziah, ina rigar nan tawa ta coci? Kar ki ce kin ɗaure ta."

Bayan sallar la'asar filin makarantar ya cika. Ɗalibai a ƙasa a kan tabarmi, iyaye a benci, tsofaffin ɗalibai a tsaye a baya, wasu da laka a ƙafa daga gona. Ta hango babanta a layi na biyu da hularsa ta zuwa Juma'a. Jaji ya gama bangon, yana tsaye kusa da shi yana hana yara taɓa ɗanyen fenti. Firinsifal, Malam Hambali, ya yi dogon jawabi a kan haƙuri da juriya. Ya sa yara suka rera lambar, manya na baya suka kama, har da masu gemu, suna dariya suna tafi. Malam Mark yana zaune da hannuwa a kan gwiwa, bai rera ba.

"Yanzu," in ji Malam Hambali, "'yarmu, Malama Mansura Iliyasu, mai digiri a fannin lissafi, za ta bayyana mana girman wannan aiki."

An jingina wani tsohon allo a kan kujera, iska tana kaɗa shi. Ta tsaya a gefensa da alli a hannu, idonta a kan yatsun ƙafarta. Ta yi magana. Ko na layin gaba ba su ji ba.

"Ɗaga murya, 'yar Iliyasu!" wani tsoho ya ce daga baya. "Mu kunnenmu ya tafi!"

Aka yi dariya. Ta ɗago kai.

"Na ce, a shekarar casa'in da huɗu an ba ni aikin gida. Na samo amsa, na rubuta wata daban."

Ta juya ta fara rubuta lambar, allon ya goce ya kusa faɗuwa. Malam Mark ya tashi daga kujerarsa ya zagaya bayansa, ya kama gefe biyu ya riƙe. Daga inda mutane suke ba a ganin fuskarsa, sai yatsunsa a bakin allon. Ta rubuta 641, ta ja layin rabawa.